Gidan Lungu da Gidan Hanyar Wudil

Zuwa ga ɗana Usman, wanda bakina ba ya iya kiran sunansa gatsau don sunan mahaifina ne, sai dai in ce Babana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a hanya da wurin aiki, Ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda aka kwantar a gabanka a asibitin nan. Mu nan Balan lafiya lau muke. Innarka tana gaishe ka. Matarka Hafsatu ma tana gaishe ka, ko da yake ba ta faɗa ba, sunkuyar da kai kawai ta yi da na ce zan rubuto maka.

Na san za ka ce, Baba, ga waya, me ya kawo takarda? To, wayar na gwada. Sau nawa ina maka magana kana ta "to Baba, to Baba," alhali ina jin hankalinka yana wani wuri? Takarda kuwa ba ta katsewa, ba ta cewa kati ya ƙare, in ma ka ajiye ta da haushi za ka dawo ka same ta inda ka bar ta. Labarin gida ba zan ba ka ba, duka yaushe ka tafi. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni.

Maganar gidan da za ka kama ce. Ka ce gida biyu ka gani a Gaya waɗanda za ka iya kamawa ka zo ka ɗauki Hafsatu ku tare. Ɗaya a cikin gari, lungun maƙera, bayan tsohuwar kasuwa: ginin ƙasa da aka shafe da siminti, zaure, ɗaki biyu da tsakar gida, mai shi kuma yana jiran amsarka ran Juma'a, in bai ji ka ba ya bai wa wani. Ɗayan sabon gini ne can hanyar Wudil, bayan an bar gari, mai tayil da bohol da doguwar katanga da get na ƙarfe. Na ji yadda muryarka ta yi zaƙi da ka zo kan tayil ɗin nan. Ka ce can babu hayaniya, babu sa ido, mutum yana da "firabasi". Na tambayi ƙanwarka ma'anar wannan kalma, ta ce wai kada kowa ya san halin da kake ciki. Na ce ashe dai tsohon ciwona ne aka raɗa wa sunan Turanci.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba: ka kama gidan lungu. Ba da ka nake wannan magana ba. A lungun nan na fara zama da Innarka, a nan aka yanke maka cibiya, daga baya kuma na kwashe ku na kai irin gidan get ɗin da kake sha'awa. Duka biyun na ɗanɗana. Zan faɗa maka ramukan da na faɗa ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka tsallake su.

Lokacin da aka ɗauke ni malamin gona aka turo ni Gaya, da ƙafa nake yin komai. Daga zaurena zuwa masallaci, zuwa ofis, zuwa rumfar mahauta, babu inda zai sa ka yi gumi. In na fito da safe sai in gaisa da maƙera suna hura wuta, in tsaya wurin mai shayi, in wuce ta gaban Malam Iro mai tireda, in rusuna wa dattawan da ke zama a dakalin bakin lungu. Babbansu Baba Tanko ne, tsohon maƙeri, idonsa ya yi rauni amma bakinsa bai yi ba. Kafin in isa ofis na san wanda ya kwana da zazzaɓi, na san wanda tunkiyarsa ta ɓata, na kuma san gonar da tsutsa ta shiga, wanda shi ne ainihin aikin da ake biyana dominsa.

Sai aka ba mu babura a wurin aiki. Wayyo, Babana, da ka ga ubanka! Tafiyar da ba ta kai a tafasa ruwan shayi ba, sai na tayar da inji. Ko masallaci na so in riƙa zuwa a kai, kunya ce ta hana. In na zo dakalin dattawa sai in danna ham in wuce. Ka kuma san hannun dama yana kan totur, saboda haka hannun da nake ɗaga musu hagu ne. Hagu! Ga mutanen da suka haifi kamata. Ni a raina gaisuwa nake yi, har ina ganin na kyauta.

Ba wanda ya ce mini uffan, sai da aka haife ka. Na bi gida gida da goro ina gayyatar suna, na zo na durƙusa gaban Baba Tanko na yi sallama. Ya karkato kunne ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Sule malamin gona."

Ya ce, "Af, kana garin nan ashe? Mu babur muka sani, wani mai hayaƙi da ke wucewa da safe. To, in shi ne ya haihu, a ce masa muna barka. Allah Ya raya."

Dattawan nan suka yi ta dariya har da mai tari. Sun zo sunan, ba su fasa ba, Baba Tanko ma shi ya ja addu'a. Amma ni ranar nan da ƙasa za ta tsage da na shige, kuma daga ranar ban ƙara shiga lungu a kan babur ba.

Saboda haka ga shawara. Daga lungun maƙera zuwa asibiti tafiyar ƙafa ce, ka riƙa takawa. Babur ka bar shi don zuwa Balan ko Gafasa wurin surukanka. In ya zama dole ka shigo da shi, ka kashe inji tun daga bakin lungu ka tura, ka yi sallama da bakinka. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take, ba su san da babur ba ma suka faɗa. Kuma ka shirya, tunda malamin asibiti ne kai, za a riƙa tare ka a hanya. Wannan ya nuna maka ƙurji, wancan ya ce gwiwa ta hana shi sujada, wata tsohuwa ta aiko a tambaye ka ko ƙwayar da aka ba ta ana sha da kunu. Kada ka ɗaure fuska. Ka saurara, abin da ya fi ƙarfin bakin hanya ka ce a same ka a asibiti. Ka fito da wuri kaɗan don gaisuwa ba ta son gaggawa.

Rami na biyu kan sayayya ne. Da aiki ya fara kai ni Kano taro a kai a kai, sai na gano wai ni mai wayo ne. Sabulu, sukari, ashana, madara, duk sai in sayo katan katan a can, tunda da ɗan rangwame. In sauka a tasha, a ɗauko mini kaya a baro, a bi da su ta gaban tiredar Malam Iro. Mutumin kirki, har tasowa yake ya kama mini a sauke, yana cewa, "Sannu da hanya, Malam. Kano ta yi albarka." Ko sau ɗaya ban tsaya na dubi fuskarsa ba. Sauran ma'aikatan lungu suka ga abin da nake yi, su ma suka ɗauka. Kantar Malam Iro ta fara zama wayam, yau babu wannan, gobe babu wancan. Wata damina ya rufe ya koma ƙauyensu noma, bai sake buɗewa ba.

Sai da ya tafi muka san abin da muke da shi. Wurinsa ake barin makulli. Wurinsa baƙo daga Balan yake tsayawa a nuna masa gida, ko ya zauna a benci a ba shi ruwa har mai gida ya dawo. Kananzir ya ƙare ana tsakiyar girki, wurinsa ake aikawa. Abin da ya fi ba ni haushin kaina shi ne, ƙuli-ƙuli da man gyaɗan da Innarka take yi a cikin gida, a teburinsa ake sayar mata, kamar yadda ake sayar da daddawa da kukar sauran matan lungu. Ni da hannuna na rufe wa matata kasuwa ina murnar na sami rangwamen ashana.

Ba cewa nake ka zama wawa ba. Buhun shinkafa ko taki, ka saya inda ya fi maka sauƙi, babu mai ganin laifinka. Amma gishiri, sabulu, burodi, kayan miya, cajin waya, aski, gyaran takalmi, ka yi su a lungu. Mai shago ba gaisuwa yake ci ba, in kana son ka tashi gobe ka tarar da shi a buɗe to ka saya yau. Nama ka tsaya wa mahauci ɗaya har ya san ka, in ya san ka shi zai ce maka, "Malam, bari sai gobe, na yau bai yi ba." Ɗinki ma ka bai wa telan lungu. Zai ce maka gobe, goben kuma ba za ta zo da wuri ba, wannan halin teloli ne ko'ina. Amma shi ta ƙofarsa kake wucewa safe da yamma, ba shi da inda zai ɓuya, telan Kano kuwa sai ya kashe waya.

Kada ka ce tsohon nan ya manta da aibun cikin gari. Ban manta ba. Akwai kwata, akwai sauro. Injin niƙa zai tashe ka ranar da ka kwana a wurin aiki kana neman barci, in ya yi shiru maƙera su ɗauka. Ginin ƙasa yana son a duba shi kafin ruwa ya sauka, indararo kuma kada ka bari ya toshe. Mota, in Allah Ya hore maka, ba za ta shiga lungun ba, sai ka roƙi wuri a bakin masallaci. Sa ido kuwa akwai shi, ka sayo kaza kafin ka kai zaure an san ko zakara ne. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, za a ɓata maka rai, kai ma za ka ɓata wa wani. Amma idon da ya ga kazarka, shi ne zai ga baƙuwar fuska tana leƙen zaurenka ranar da ba ka nan. Sauro kuma ai kai ne kake koya wa mutane ɗaura gidan sauro.

Rami na uku a tabarmar ciyayya na faɗa shi. Ka san ciyayya, amma ta Balan ka sani, inda kowa ɗan'uwan kowa ne, tuwon kowa kuma iri ɗaya. Ta cikin gari tana da ƙa'idar da ba mai faɗa maka. Bayan magariba a shimfiɗa tabarma a ƙofar zauren Baba Tanko, kowane magidanci a fito masa da kwanonsa, a jera a ci tare, da mai albashi da mai jiran ciniki. Ƙa'idar ita ce kowa ya sa hannu a kowane kwano. Ba a barin kwanon wani ya koma cikin gida a cike, don matar da ta tuƙa tana nan tana jira ta buɗe ta gani.

Wani ƙarshen wata na sa Innarka ta yi shinkafa da miyar kaza, na ce a zuba a sabuwar kula a fito da ita. Niyyata alheri ce, ko da yake in za a bi gaskiya akwai ɗan son a sani a ciki. Mutane kuwa suka far mata, wa zai ga laifinsu? Maƙwabcina na jikin katanga, Sale tela, lokacin ɗinki ya yi ƙasa, tuwon dawa ne da miyar kuka ba ko mai aka fito masa da shi. Kwanonsa ya koma kamar yadda ya fito, lomarsa kaɗai ce a jiki. Washegari Sale bai fito ba. Jibi ma haka. Innarka ce ta gaya mini matarsa Kande ta yi kuka, ta ce ta daina ba da abincinta a kai waje a yi mata dariya.

Ni na rasa ta inda zan ɓullo, in je in ba da haƙuri kuma ya zama na ƙara tona masa asiri. Baba Tanko ne ya gyara. Ya leƙa shagon Sale ya ce, "Kai Sale, so kake yunwa ta kashe ni? Ni ina da haƙoran kaza ne? Miyar gidanka ce take wuce mini a maƙogwaro, ka hana ni." A daren Sale ya fito da kwanonsa, tsohon nan ya jawo shi gabansa, muka bi bayansa muka sa hannu har aka ga gindin kwano.

To ka riƙe wannan. In ka zauna a tabarma, ka fara da kwanon da ba a taɓa ba, ka kuma yaba da gaske, don duk miyar da aka kaɗa da wahala akwai abin yabo a cikinta. Abin da gidanka yake ci yau da gobe shi za ka fitar. Ranar da aka yi mai daɗi, ka bar Hafsatu ta zuba ta aika gidajen ta ciki, mace da mace, babu wanda ya gani. Aikinka ba zai bar ka ka zauna kullum ba, amma ko kana asibiti a fitar da kwanonka, a san gidan da mutum.

Yanzu na zo kan babban, wanda dominsa na ɗauki biro.

Tsakanin tsakar gidanmu da ta Sale akwai wata 'yar ƙofa a jikin katanga, sai an sunkuya ake wucewa, buhu ne labulenta. Tsofaffin gidajen lungun nan kusan duk haka suke, ka duba wanda ka gani, ina kyautata zaton za ka same ta. Ta nan mata suke bi daga wannan gida zuwa wancan ba tare da sun taka waje ba. Ta nan ake aron turmi da rariya, a ɗebo garwashi, a je kitso, a miƙa jariri a riƙe a samu a yi wanka. Lokacin da ka yi ƙyanda, Kande ce take shigowa ta nan ta karɓe ka don Innarka ta runtsa.

Ni kuwa ƙofar nan ta tsaya mini a rai. In dawo a gajiye, in tarar da mata cike da tsakar gida, sai na tsaya a zaurena ina ta sallama kamar baƙo kafin su kimtsa. Kajin maƙwabta a ɗakina. Abin da aka dafa da abin da aka faɗa, duk sun bi ta ƙarƙashin buhun nan sun fita. Har magini na taɓa kirawo ya toshe ta, mai gidan da nake haya ya ce ba a gidansa ba. Da na sami hali sai na sayi fili a bayan gari na yi gini, na ja katanga har ba a hango rufi, na sa get. Na tambayi Innarka, "Kin yarda mu koma?" Ta ce, "Duk inda ka ce, Malam." Na ɗauki wannan a matsayin amsa.

Ba zan ɓoye maka ba, ni na ji daɗin gidan nan. Wuni nake a ƙauyukan Ajingi ina fama da manoma, in dawo in tarar da shiru, in kunna rediyo in miƙe ƙafa. Ku kuna makaranta tun safe, daga can ku wuce ta allo. Maƙwabcinmu na dama kango ne da ba a rufa ba, na hagu kuma get ɗinsa kullum da kwaɗo. In magi ya ƙare sai a jira ni. Innarka ta daina ƙuli-ƙuli, don babu mai taya ta matsa, babu kuma inda za a kai. Ta rame, maganarta ta ragu. Na kai ta asibiti aka duba aka ce ba a ga komai ba, na yi ta sayo mata maganin ƙarin jini. Da na yi ritaya muka dawo Balan ta murmure, sai na ce iskar ƙauye ce ta karɓe ta. Shekara da shekaru a kan haka nake.

Jiya da la'asar tana tsince wake a inuwa, na zauna na gaya mata abin da zan rubuta maka. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Malam, ka tuna nonon nan da kake faɗa a kansa a gidan bayan gari?"

Na tuna mana. Kullum na dawo sai na tarar da nono a kwano, wani ya yi tsami har an rasa mai sha, in yi ta sababi ina cewa gidan nan ruga ce? Na ce mata, "Na tuna. Almubazzarancinki ne kaɗai da na taɓa gani."

Ta ce, "Daso ce, Bafillatanar da ke fitowa daga rugar gaba. Duk hanyar nan ita kaɗai take bi da ƙafa. In na ce zan saya, sai ta shigo ta sauke ƙwarya, ta zauna ta huta, mu yi hira. In na ce yau ba na so, sai ta yi gaba. To ni kuwa sai in saya."

Ta ci gaba da tsince wakenta, ta ce, "Daga fitarka zuwa dawowarka, wata rana muryarta ce kaɗai nake ji. Hausarta ma ba ta nuna ba, rabin maganar da hannu muke yi. Ranar da ba ta zo ba, nakan tsaya a bayan get in kasa kunne ko wani zai wuce."

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Ka riga ka yi gini. Me zan ce?"

Babana, na kai shekarun da ba na jin kunyar faɗa maka, tausayinta ya kama ni har na kasa haɗa ido da ita. Matar da ta haifa mini ku, tana sayen hira da kwanon nono, ni kuma ina cikin gidan ina yabon shiru. Ba da mugunta na yi ba, kai ma ba da mugunta kake son tayil ba. Abin da ya faru shi ne, na zaɓi gida da idon wanda yake fita, alhali wadda take wuni a ciki ita ce mai gidan.

Ka dubi Hafsatu. A Gafasa gidan yawa ta tashi, ko tsintsiya ta ɗauka akwai mai yi mata magana. Nan Balan ma tana tsakanin Innarka da ƙannenka. A Gaya ba ta san kowa ba, kai kuma aikinka har da kwana. Za ka ce ai akwai waya, za ta riƙa hira da 'yan'uwanta. Waya ba ta riƙe jariri, ba ta ara maka rariya, ba ta leƙowa ta ce yau ban ji motsinki ba, lafiya? A lungu kuwa kafin sati ya zagayo an san sunanta, an kawo mata kwanon sannu da zuwa, wata tsohuwa ta ɗauke ta 'ya. In ta mayar da kwanon kada ta mayar da shi haka nan, wannan Innarka za ta koya mata. In kuma ka tarar da 'yar ƙofar nan a katanga, ka bar ta a buɗe, ka koyi tsayuwa a zaurenka kana sallama, ba ta rage wa namiji komai.

Na san za ka ce bari ka tambaye ta. Ka tambaya, haka ya kamata. Amma na riga na san amsar, 'yar mutunci ce, za ta sunkuyar da kai ta ce duk inda ka ce. Kada ka karɓi wannan ka tafi da shi kamar yadda na yi. Gidan tayil ba zai gudu ba, irinsa kullum ginawa ake yi, in kun yi ƙarfi kun tara jama'a kuna iya komawa inda kuke so. Gidan lungu kuwa ran Juma'a za a bayar da shi. Ka je tun ran Alhamis, da ƙafa, ka ce ka karɓa.

Zaɓi naka ne, kai ne magidanci yanzu, duk wanda ka kama zan zo in sa albarka. Sai dai ka sani, na tambayi Innarka ko Hafsatu tana shan nono, ta ce ko warinsa ba ta so. Kuma masu nonon yanzu a adaidaita sahu suke shigowa gari, ba mai bin hanyar Wudil da ƙafa balle ta tsaya a bakin get.

Allah Ya yi maka albarka, Ya kare ka daga sharrin hanya da na dare da na rana, Ya haɗa ka da maƙwabta na gari, Ya sa kai ma ka zame musu na gari. Allah Ya zaunar da ku lafiya kai da iyalinka, Ya sa duk inda kuka sauka a yi murna da zuwanku. Amin summa amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule, Balan.